Dattawan Karkara Suna Bin Mu Bashin Shaida

Duk wanda ya saba sauraron sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Kano da Dutse, ko yake karanta ta a zaurukan WhatsApp na 'yan garinsu, ya riga ya haddace yadda take tafiya. Za a fara da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a ambaci sunan mamacin da garinsu, a ce ya rasu bayan doguwar jinya ko gajeruwar rashin lafiya, ya bar mata kaza da 'ya'ya kaza da jikoki da dama, a faɗi lokacin jana'iza, a rufe da addu'a. A wurin zaman makoki kuma, idan an gama "ya haƙuri" an shafa Fatiha, abin da ake ƙarawa bai wuce a ce mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa ba. Idan mace ce, a ce mai haƙuri ce, mai zumunci. Ba na shakkar gaskiyar waɗannan kalmomi, ba na kuma raina addu'a, domin ita ce abin da mamaci ya fi buƙata. Abin da yake damuna shi ne, mutumin da ya yi shekara tamanin a duniya, ya aurar da 'ya'yan da ya haifa da waɗanda bai haifa ba, ya tsaya a sahun farko tun masallacin unguwa yana na zana, a ƙarshe duk tarihinsa ya tattare cikin kalmomin da gobe za a faɗa wa wani ba tare da an canja harafi ɗaya ba. Yabon namu ya zama kamar likkafani, farin yadi iri ɗaya ga kowa. A likkafani haka ya kamata, domin kabari ba ya bambance sarki da talaka, amma bai kamata shaidar da rayayyu suke bayarwa ta zama haka ba.

Ra'ayina shi ne, mu mutanen karkarar Kano da Jigawa akwai wani haƙƙi na dattawanmu a wuyanmu da ba mu sauke ba, wato mu san rayuwarsu filla-filla, mu ji ta daga bakinsu tun suna raye, mu rubuta ta, mu bar wa na baya. Ba sarakuna da hakimai da manyan attajirai nake nufi ba, domin su suna da maroƙa da marubuta da 'ya'yan da za su buga musu littafi. Ina nufin limamin ƙauyen da ya yi shekara arba'in yana jan salla da ɗaura aure da raɗa suna ba tare da albashi ba, da ladanin da muryarsa take tashin gari da asuba tun kafin a san lasifika, da malamin zauren da ya biya wa manoma Ahalari da Ishmawi da Iziyya bayan isha'i, da ungozomar da rabin mutanen gari a hannunta suka faɗo duniya, da tsohuwar da ake bugun ƙofarta cikin dare idan mace ta rasu domin ita ce ta iya wankan gawa. Su ne suka riƙe addini da zumunci a garuruwan da hukuma ba ta cika leƙawa ba, kuma su ne muke binnewa ba tare da mun ajiye ko shafi ɗaya a kansu ba.

Wannan rashi ya daɗe. Tsohon kundin nan da ya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19 ya gaya mana wanda ya yi yaƙi, da wanda ya faɗaɗa ganuwa, da wanda ya kafa kasuwa, kuma taska ce mai daraja, amma manomin da ya noma hatsin da mayaƙan suka ci ba shi da suna a cikinsa, balle matarsa. Takardun da Turawan mulki suka bari, waɗanda suke ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, galibinsu sun ƙirga mutanen ƙauye ne saboda haraji da jangali. Rayuwar Bahaushiyar ƙauye da ta fi shahara a rubuce ita ce ta Baba ta Karo, wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau masu nazari suna komawa gare shi domin su san yadda aure da riƙo da zumunci da bauta suke a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa da bayan zuwansu. Baba ba 'yar sarauta mai mulki ba ce, ba malama ba ce. Abin da ya bambanta ta da dubban tsofaffin Gaya da Ringim da Gumel da Ɓaɓura shi ne an samu wadda ta zauna ta saurare ta da alƙalami a hannu. Shekara saba'in ke nan da wani abu, ga jami'o'i a Kano da Wudil da Dutse da Kafin Hausa, amma har yanzu ba mu mayar da wannan aiki al'adar gidajenmu ba.

A watannin Afrilu da Mayu na 2020, lokacin da korona ta shigo aka kulle gari, dattawa suka riƙa rasuwa a Kano cikin 'yan makonni, aka kuma ji irin wannan labari daga Haɗejiya. Jaridu sun jero sunayen farfesoshi da tsofaffin manyan ma'aikata da masu sarauta, an rubuta tarihinsu, kuma sun cancanci haka. Na ƙauye kuwa an yi musu wanka, an sallace su, an kai su makwancinsu da gaggawa kamar yadda addini ya koyar, ba kasafai ma ake kai mutuwarsu ofishin hukumar ƙidaya a yi mata rajista ba, kuma bayan damina biyu ko uku ko tudun kabarin ba a iya nunawa.

Na san akwai masu tsoron cewa irin wannan magana tana iya kai mutane ga abin da shari'a ta hana. Suna tuna mana cewa Musulunci ya hana kururuwa da yage tufafi a kan mamaci, ya yi gargaɗi a kan wuce iyaka wajen girmama salihan bayi, kuma tun kafuwar ƙungiyar Izala a 1978 ba a daina muhawara a garuruwanmu a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba. Tsoron yana da tushe, kuma ba zan shiga waccan muhawara ba, domin abin da nake kira gare shi ba taro ba ne, ba a dafa masa abinci, ba a keɓe masa rana. Ɗan ɗariƙa da ɗan Izala duk sun yarda da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa an wuce da wata gawa sahabbai suka ambace ta da alheri, Manzon Allah (SAW) ya ce ta tabbata, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta tabbata, sannan ya gaya musu cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Idan har maganar da muke yi a kan mamaci shaida ce, to shaida tana da ladabinta, kuma farkon ladabinta shi ne mai bayar da ita ya san abin da ya gani, da lokacin da ya gan shi, da wurin da abin ya faru.

Akwai kuma labarin matar nan mai sharar masallacin Madina. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba, da ya daina ganinta ya tambaya, aka ce ai ta rasu, ya ce me ya hana ku sanar da ni. Mai ruwayar ya ce kamar dai sun ƙanƙanta al'amarinta ne. Sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Duk lokacin da na ji wannan hadisi tsofaffin garinmu ne suke faɗo mini a rai, waɗanda aikinsu ba ya fitowa fili sai ranar da aka wayi gari ba a yi shi ba. An kuma ruwaito yadda ya riƙa ambaton Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, yana faɗar abin da ta yi ɗaya bayan ɗaya, cewa ta gaskata shi lokacin da mutane suka ƙaryata shi, ta taimake shi da dukiyarta lokacin da suka hana shi, kuma idan ya yi yanka yakan aika wa ƙawayenta. Malamai sun gina fanni guda a kan tarihin mutane, har Ibn Sa'ad da ya tattara tarihin sahabbai da na bayansu ya keɓe juzu'i guda ga mata kaɗai. A nan ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya ga yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo marsiyya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta, ta kuma yi wa matar da aka sani da karɓar haihuwa da wankan gawa da koya wa mata addini. Babu mai cewa Nana Asma'u ta jahilci hukuncin makoki.

A cikin hujjojin da za a iya kawowa don ƙin wannan aiki, wadda ta fi nauyi a wurina ta dattawan ce da kansu. Mutanen nan sun ginu a kan ɓoye alheri. Dattijon da yake auna wa gidan marayu kwano biyu na dawa cikin dare a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ba ya son ko matarsa ta sani, kuma idan ka tambaye shi zai ce babu komai, Allah ne ya yi. Tsoron riya gaskiya ne a zukatansu, ya wajaba a mutunta shi, kuma duk abin da mutum ya ce kada a faɗa, to a bar masa. Amma akwai bambanci tsakanin mutum ya tallata kansa da kuma waɗanda suka ci moriyarsa su faɗi abin da suka gani da idonsu. Yaran da suke tasowa suna buƙatar wannan faɗar. Wa'azi yana gaya wa yaro cewa riƙon amana wajibi ne, amma ranar da ya ji cewa kakansa ya yi tafiyar yini guda a ƙasa domin ya mayar wa magada kuɗin da mahaifinsu ya ba shi ajiya ba tare da shaida ba, ranar ce zai yarda cewa mutum irinsa, mai talauci irin nasa, a gari irin nasu, yana iya riƙe ta.

Ban da wannan, a ƙirazan mutanen nan akwai tarihin ƙasa da babu shi a littafin makaranta. Wanda aka haifa a farkon shekarun 1940 ya taso lokacin da gyaɗa ce take juya arzikin Arewa, ya ga ana kai ta kan jakuna da raƙuma zuwa tashoshin jirgin ƙasa na layin Nguru irin su Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya san yadda ake awo da yadda ake cutar manomi a kan sikeli, ya kuma ga yadda farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka taru da kuɗin man fetur suka rushe dalar gyaɗa. Ya san abin da mutane suka ci a wancan fari, da wanda ya sayar da gonarsa, da wanda ya buɗe rumbunsa ga maƙwabta. Ya biya haraji da fam da sule kafin naira ta zo a 1973, ya san abin da ake yi wa magidancin da ya kasa biya, kuma yana iya gaya maka yadda gari ya kasance ranar da aka ji gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. A cikinsu akwai waɗanda suka ga an ɗaure iyayensu saboda sun bi jam'iyyar NEPU, akwai waɗanda suka je yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970 suka dawo suka ci gaba da noma ba su ƙara ɗaga zancen ba. Mutanen fadamar Haɗejiya suna iya kwatanta yadda ruwa yake malala kafin a gama madatsar Tiga a 1974, da yadda ya koma bayanta, da lokacin da ciyawar kacala ta fara toshe masa hanya, kuma duk mai neman maganin ambaliyar Auyo da Kafin Hausa yana buƙatar wannan bayani. Tsofaffin mata sun ga agana da idonsu kafin a kawar da ita, sun yi jinyar sanƙarau na 1996, sun san 'ya'yan da ƙyanda ta ɗauke a kowane gida kafin rigakafi ya yaɗu.

Ta fuskar addini ma haka ne. Su ne na ƙarshe da suka ji daga bakin iyayensu yadda ake tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Cadi da Sudan, a yi shekaru a hanya ana noma ana ƙwadago, wasu su dawo, wasu su zauna can har zuriyarsu ta zama ta can. Su ne suka san alaramman da ya kafa tsangayar gari, daga ina ya zo, a wurin wa ya yi karatu a gabas, Alƙur'ani nawa ya rubuta da ka, da gidajen da waɗannan rubuce-rubuce suke ajiye. Wanda ya cika shekara ashirin ranar samun 'yancin kai a 1960 yau ya haura tamanin, kuma irinsa ba su rage da yawa a kowane gari ba.

Wanda yake ganin duk wannan ƙawa ce ta 'yan boko, to ya dubi abin da ke faruwa a zaurukan dagatai da kotunan shari'a na ƙananan hukumominmu. Rigingimun gona da yawa suna tashi ne bayan rasuwar dattijon da ya san iyaka, wanda ya san cewa layin gamban nan an dasa shi ne ranar rabon gado, waccan gonar jingina ce ba sayarwa ba, wannan aro ce aka ba baƙo ya noma, burtali kuma ta nan ya bi kafin a cinye shi. Yana raye babu wanda ya isa ya motsa, ranar da ya kwanta dama sai 'ya'yan wa da ƙani su kwashi juna zuwa gaban alƙali, zumuncin shekara hamsin ya lalace a kan kunya biyu ko uku ta gona. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wato shayarwa. A da, idan mace ta rasu wajen haihuwa ko nononta ya ƙafe, babu madarar gwangwani, sai a miƙa jaririn ga wata mai goyo a gidan ko a maƙwabta. Shari'a ta haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya kamar yadda ta haramta shi tsakanin 'yan'uwan jini, kuma Bukhari ya kawo labarin sahabin da ya rabu da matarsa bayan wata mata ta zo ta ce ita ta shayar da su duka biyun. A ƙauyen da kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, auren zumunci kuma ya yi yawa, wannan ilimi ba ya wurin liman, ba ya wurin dagaci. Yana wurin tsofaffin mata, kuma ba a rubuce yake ba.

Matan nan su ne suka fi saurin ɓacewa, kuma al'adarmu ta kunya, wadda nake ƙauna ba na fatan ta gushe, ita ma ta taimaka. 'Ya'ya ba sa kiran sunan uwa, jikoki sun taso sun ji ana cewa Inna ko Goggo ko Iya ko Hajiya sai suka ɗauka, ko an yi mata takwara sai a riƙa kiran yarinyar Ummi ko Mama saboda kara. Ta haka za ka sami saurayi ya gama jami'a, yana iya jero maka sarakunan Kano tun daga Sulaimanu, amma bai san sunan yanka na matar da ta goya shi ba, balle sunan mahaifinta. A garinmu akwai wata tsohuwa da ta rasu shekarun baya. Kishiyarta ta rasu ta bar ƙananan yara, ita kuwa ta haɗa su da nata ta riƙe, har baƙo ba ya iya bambance su, ta yi wa matan kayan ɗaki da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi, almajiran tsangaya kuma sun san ba a barin ƙofarta da ƙoƙo wayam. Da furfura a kanta ta shiga Islamiyyar matan aure domin ta gyara Fatiharta. Ranar da ta rasu gari ya cika, waɗanda ta raina suka zo daga Kano da Kaduna. Amma da aka zauna ana ƙoƙarin tuna garin da aka auro ta, da danginta na can da ya kamata a aika wa, sai aka tarar waɗanda suka sani duk sun riga ta tafiya, ita kuma babu wanda ya taɓa tambayarta.

Sai dai idan za a yi wannan aiki, a yi shi da gaskiya, kada ya koma bambaɗanci. A cikin waɗanda muke yabo akwai wanda ya yi wa 'yarsa auren dole ta ƙare rayuwarta cikin baƙin ciki, akwai wanda ya ɓoye 'ya'yansa lokacin da aka zo ɗaukar yara makarantar boko a 1976, akwai wanda bai yi adalci tsakanin matansa ba. Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, saboda haka ba aikinmu ba ne mu tona asirin wanda ke kabari, kuma akwai sirrin gida, irin zancen asali, da bai halatta a ɗora a intanet ba. Amma hana zagi ba umarni ba ne na yin ƙarya. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na nace a ji daga bakin mutum tun yana raye, domin na lura tsofaffi sun fi 'ya'yansu ƙarfin halin faɗar gaskiya a kan kansu. Dattijo yana iya gaya maka da bakinsa cewa hana 'ya'yansa mata karatu shi ne abin da ya fi yin nadama a kai, ya kuma bayyana maka tsoron da ya sa shi yin hakan a wancan zamani. Wannan magana ta fi amfani ga zuriyarsa a kan yabo shafi goma, kuma ba ta rage masa daraja ko kaɗan.

Waɗanda suka fi dacewa da aikin su ne jikoki. Tsakanin ɗa da uba a ƙasar Hausa akwai nauyi, ɗa ba ya tsare mahaifinsa da tambayar yadda ya nemi auren mahaifiyarsa. Amma tsakanin jika da kaka akwai wasa, tsohuwa tana kiran jikanta mijinta, tsoho yana kiran jikarsa amaryarsa, kuma a cikin wannan wasa ana faɗar abin da ba a faɗa wa 'ya'ya. Jikokin nan su ne suke da waya a hannu, su ne suka iya rubutun boko, wasunsu har da ajami. Malaman Hausa da na tarihi a sakandare, da malaman Islamiyya, suna iya ba kowane ɗalibi aikin hutu ya rubuto rayuwar tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya ta gidansu. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na ɗalibai suna iya tattara abin da aka rubuto su buga ɗan littafi na garinsu, jami'o'inmu da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa kuma su zama ma'ajiyar abin da iyalai suka yarda a ajiye. Zaman da jika zai yi yana saurare shi kansa biyayya ce, domin samari sun tafi ci-rani Legas da Abuja da Fatakwal, tsofaffi da yawa suna yini a zaure ko a ɗaki babu abin da ke haɗa su da kowa sai gaisuwa da kwanon abinci. Na fi son a kai wa tsoho wannan girmamawa yana ji yana gani, a kan a jira sai ya rasu a saka hotonsa a Facebook.

Tambayar ma tana da hanya. Idan ka ce wa tsohuwa ta ba ka tarihinta, za ta ce ita ba ta da wani tarihi. Amma a tambaye ta wace ce ta yi mata wankan jego na fari, wa ya koya mata Ƙulhuwallahu, wace shekara ce ta fi wuya a gidan nan, sai zance ya ɓalle har dare. Yawancinsu ba su san shekarar haihuwarsu da lissafin Turawa ba, amma sun san abin da ya faru a lokacin, kuma wannan ya isa. Wadda ta ce an yi mata aure shekarar da Sarki Alhaji, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya rasu, 1953 take nufi. Wanda ya ce yana gardi aka yi zuwan Sarauniya, 1956 ke nan. Murabus ɗin Sarki Sanusi da naɗin Ado Bayero 1963 ne, kisan Sardauna 1966, na Murtala 1976. Mutanen Haɗejiya da Gumel da Kazaure kuma suna da nasu sarakunan da suke lissafi da su. Wasu tambayoyin sai mace ce za ta yi wa mace, domin abin da tsohuwa za ta faɗa wa jikarta a ɗaki game da haihuwa da kishi da takaba ba za ta faɗe shi a gaban namiji ba.

Kada kuma a bar abin a cikin waya kaɗai, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da aka rasa kuɗin taki. A kwafe maganar a littafi da hannu, da boko ko da ajami, a rubuta cikakken sunan mai maganar da na iyayensa da garin da aka haife shi, da ranar da aka yi hirar ta Hijira da ta Miladiyya. A ware shafi na musamman ga iyakokin gonaki da jingina da basussuka da waɗanda suka sha nono ɗaya, a karanta wa mai maganar ya ji ya gyara, shaidu biyu su sa hannu a wannan shafin. Sannan a yi kofe fiye da ɗaya, guda a gidan gado, guda wurin ɗan'uwan da ke birni, domin gara da gobara da ambaliya irin ta 2022 ba sa barin takarda a gidan ƙasa. Lokacin yinsa kuwa shi ne ƙarshen kaka, bayan an kai amfanin gona gida, 'yan makaranta sun dawo hutun ƙarshen shekara, 'yan ci-rani kuma ba su riga sun ɗaura kaya ba.